Mai galahanga da aikin banki

Na gaji da jin ana cewa mai galahanga, wato autism a Turance, ba zai iya aikin banki ba. Masu faɗin haka suna da dalilinsu: banki wurin gaggawa ne, ga hulɗa da jama'a.

Sai dai galahanga ba taɓin hankali ba ce, ƙwaƙwalwa ce mai aiki ta wata hanya daban. Galibi hayaniya da umarni mai harshen damo ne ke wahalar da ma'aikacin, ba lissafin ba. In aka ba shi wuri mai shiru, aka rubuta masa aikinsa dalla-dalla, zai yi shi daidai. Tun 2015 bankin JPMorgan Chase na Amurka yake da shirin ɗaukar masu galahanga aiki.