Wasan gida a Miami? Ni dai ban yarda ba

Jama'a, bari in tsoma baki a musun nan da ya ƙi ƙarewa tsakanin 'yan ƙwallo, na ko ya dace a ɗauki wasan lig na wata ƙasa a kai shi wata nahiya a buga saboda kuɗi. Ni ɗan Barcelona ne, duk wanda yake bibiyata ya sani, kuma ƙungiyata ce aka so a yi wa gata da wannan tsari. Duk da haka, ranar da aka soke shi daɗi na ji, kuma idan suka sake dawowa da maganar, da ma za su dawo, ina nan kan bakana.

Ga wanda bai bi labarin ba: La Liga ta shirya kai wasan Villarreal da Barcelona birnin Miami na Amurka ranar 20 ga Disamba 2025, a filin Hard Rock. Wasan gidan Villarreal ne. Ba yau Javier Tebas, shugaban La Liga, ya fara wannan nema ba. Tun 2018 ya ƙulla yarjejeniyar shekara 15 da kamfanin Relevent na attajiri Stephen Ross, wanda kuma shi ne mai ƙungiyar ƙwallon Amurkawa ta Miami Dolphins da take wasa a wannan filin. Sun so su kai Girona da Barcelona a Janairun 2019, abin ya ci tura. Suka gwada da Villarreal da Atletico Madrid a ƙarshen shekarar, nan ma aka taka musu birki. Relevent ta maka FIFA da hukumar ƙwallon Amurka a kotu, aka yi ta jan shari'a har FIFA ta sasanta da su a 2024. Daga nan ƙofa ta buɗe. A farkon Oktoban 2025 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta amince, tana amincewa tana ƙorafi, wai dokokin FIFA ba su fito fili ba balle ta samu madogarar hanawa. Mako biyu bayan nan aka soke wasan.

Hujjata ta farko ba ta son zuciya ba ce, lissafi ne. Lig ƙungiya 20 ce, wasa 38, kowa ya je gidan kowa sau ɗaya, kowa ya karɓi kowa sau ɗaya. Wannan shi ne duk adalcin da lig take da shi, ba ta da wani. Shi ya sa idan aka ce wane ya ɗauki kofin lig babu mai cewa sa'a ce, saɓanin kofin da ake yin sili ɗaya ƙwale. To idan Real Madrid da Atletico da sauran duk za su je filin La Ceramica su sha ihun mutanen Villarreal, Barcelona kaɗai kuma a ce nata wasan a Miami za a yi, inda mafi yawan masu sayen tikitin rigar Barcelona za su sanyo, me aka yi ke nan? An ba ta wasan gida 20, na waje 18. A gasar da aka sha raba kofi da tazarar maki ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Madrid aka yi wa wannan gatan, da mu 'yan Barca mun cika Facebook da kukan maguɗi har kaka ta ƙare. Mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Sannan ku dubi garin da za a ƙwace wa wasan. Vila-real gari ne na mutum kusan dubu 50, filinsu yana ɗaukar sama da dubu 20. Wato ranar babban wasa kusan rabin gari ne yake iya shiga ciki. Garin masu sana'ar tayil ne, shi kansa Fernando Roig da ya sayi ƙungiyar a 1997 da tayil ya yi arziki. Wannan ƙaramin gari ne ya doke Manchester United a wasan ƙarshe na kofin Europa a 2021, bugun fanareti 11 da 10, lokacin Samuel Chukwueze namu yana can. Mutumin da ya sayi tikitin kaka guda, ya zauna cikin sanyi ya kalli wasa da Getafe da Alaves, wasa biyu yake ɗoki duk shekara: zuwan Madrid da zuwan Barcelona. Sai a ɗauke ɗaya. Shugabannin ƙungiyar sun yi alkawarin kai masu tikitin kaka Miami kyauta, na ji. Amma dattijo ɗan shekara 75 da yake takawa da ƙafa daga gidansa zuwa fili fa? Da mai aikin da ba za a ba shi hutu ba, da mai ɗan kantin shayi a bakin fili da yake jiran cinikin ranar? Kamar a ce bana Hawan Daushe a Dubai za a yi saboda can 'yan kallo sun fi biya, amma kada Kanawa su damu, akwai jirgi kyauta ga wanda ya yi rajista.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, domin da sunanmu ake yin ta. Kullum sai ka ji an ce ai ƙwallo ta zama ta duniya, magoya bayan da suke nesa su ma suna da haƙƙin ganin ƙungiyarsu ido da ido. Har a gidan kallo na ji masu maimaita wannan, wani ma cewa ya yi mu da muke adawa baƙin ciki muke yi wa masoya na ƙasashen waje. Ɗan'uwa, wane masoyi? Idan yawan masoya ake bi, ina Miami ta kama ƙafar Kano ko Legas ko Alƙahira ko Jakarta? Ranar El Clasico ka zaga Fagge ko Tudun Wada ko wata unguwa a Yamai ko Maraɗi ka ga yadda ake cika benci har ana tsayuwa a bakin ƙofa, ana haɗa kuɗin man janareta. Babu wanda ya taɓa kawo sunan garuruwan nan a teburin shawara. Miami aka zaɓa, lig ɗin Italiya kuma ta zaɓi Perth ta Ostireliya don nata wasan, saboda can ne ake da aljihun da zai sayi tikitin ɗaruruwan daloli, kuma can ne gwamnati ko kamfani zai ajiye miliyoyi kafin a busa usur. Mai kallo daga Zariya, ko an buga a Vila-real ko an buga a Miami, a allo ɗaya zai gani. Bizar Amurka kuwa kowa ya san yadda take, 'yan Chadi da Sudan ma tun Yunin 2025 aka rufe musu ƙofa. Saboda haka a daina cewa don mu ake yi.

Hasali ma mu asara za mu yi. Abin da yake sa mutum ya bar barcinsa ya biya kuɗin kallo ba 'yan wasa 22 kaɗai ba ne. Harda filin, da waƙar da mutanen garin suke rerawa, da ihun da suke yi wa alƙalin wasa, da yadda ƙaramar ƙungiya take zama zaki idan tana gaban mutanenta. Duk wanda ya kalli ƙwallo lokacin korona a 2020, da aka riƙa bugawa fili wayam ana sa ihun ƙarya a talabijin, ya san abin da nake nufi. Filin da ya cika da 'yan yawon buɗe ido masu ɗaukar hoto ya fi wancan, amma bai kai na asali ba.

Ba zan ce masu son tsarin ba su da abin faɗa ba. Suna da shi, kuma kuɗi ne tsagwaronsa. Firimiyar Ingila ta yi wa kowa fintinkau. Kwantiraginta na talabijin a cikin gida kaɗai fam biliyan 6.7 ne na shekara huɗu, ban da na ƙasashen waje. Ƙungiyar da take ƙasan tebur a Ingila tana iya sayen ɗan wasan da ta huɗu a Sifaniya ba za ta iya riƙewa ba. Barcelona kanta, shugabanta Laporta ya fito a 2021 ya ce bashin da yake kanta ya kai Yuro biliyan 1.35, a shekarar da Messi ya tafi yana hawaye. La Liga ta jinginar da wani kaso na kuɗin talabijin ɗinta na shekara 50 ga kamfanin CVC don ta samu kusan Yuro biliyan 2. Wanda yake cikin wannan hali, duk inda ya ji ƙamshin kuɗi zai leƙa. Na fahimta. Amma wasa ɗaya a Miami ba zai cike ramin biliyoyi ba, su ma sun sani. Abin da suke so shi ne a buɗe ƙofar. Bana ɗaya, baɗi uku, daga nan sai kowace babbar ƙungiya ta ce ita ma sai an kai ta. Kuma ranar da ƙofar ta buɗe wa kowa, Firimiya ce za ta fi kowa cin kasuwar, ita da tun 2008 shugabanta na lokacin, Richard Scudamore, ya kawo shawarar ƙarin wasa na 39 a ƙasashen waje, magoya baya da FIFA suka yi masa ca har ya janye. Tebas zai share hanya ne wanda ya fi shi ƙarfi ya bi.

Akwai masu kawo misalin Amurkawa, wai ai NFL, gasar ƙwallon Amurkawa, tana buga wasanninta a Landan tun 2007, har Dolphins ɗin Stephen Ross sun buga a Bernabeu a Nuwamban 2025. Gaskiya ne. Sai dai a can babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiya ko ta zo ta ƙarshe tana nan daram, har ma ita ake fara ba wa zaɓin matasan 'yan wasa. Mai ƙungiya yana iya kwashe ta ɗungurungum daga wannan birni zuwa wancan, kamar yadda Raiders suka bar Oakland suka koma Las Vegas. A Turai maki uku yana iya raba ƙungiya da lig, ma'aikata su rasa aiki, gari ya shiga makoki. Tsarin ba ɗaya ba ne.

Kofin Super kuwa wannan tuni an sayar. Na Sifaniya an fara kai shi Saudiyya a Janairun 2020, aka mayar da shi na ƙungiya huɗu, kuma kamfanin Gerard Pique ya samu la'ada a cinikin alhali yana bugawa Barcelona. Na Italiya ya je Washington tun 1993, ya je Tarabulus a 2002. Na Faransa har Libreville ya je a 2013. Wannan ban cika damuwa da shi ba, kofi ne na biki, ba ya taɓa teburin kowa. Amma shi ya nuna mana yadda abin yake tafiya: da an ɗanɗana, ba a komawa baya.

Wasan lig da Italiya ta so kai wa waje ma ya fi ban dariya. Milan da Como, garuruwan da tsakaninsu bai wuce tafiyar kilomita 50 ba, aka ce za su je Perth a Ostireliya, sama da kilomita 13,000, a Fabrairun 2026, wai saboda za a yi bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu a San Siro. Duk faɗin Italiya an rasa fili sai Ostireliya? Adrien Rabiot, ɗan wasan Milan, ya ce wannan hauka ne, shugaban gudanarwar Serie A ya mayar masa da martani cewa ya tuna da irin albashin da yake karɓa. A Disamban 2025 shi ma aka soke.

Mu nan ai mun san ma'anar a raba ƙungiya da filinta, kuma ba mu taɓa kiran abin ci gaba ba. Hukunci ne. A watan Oktoban 2025 ɗin nan da ake rigimar Miami, magoya bayan Kano Pillars suka kutsa fili a Sani Abacha bayan wasa da Shooting Stars, hukumar NPFL ta zaftare maki, ta ci tara, ta kuma kori Sai Masu Gida zuwa Katsina. Me ya sa korar take cikin hukunci? Saboda kowa ya san wasan gida ba tare da mutanen gida ba rabin wasa ne. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sha kallon ƙungiyar ƙasarsu, Mena, tana karɓar baƙi a Maroko saboda an ce filin Seyni Kountche bai cika sharuɗɗa ba. Al Hilal da Al Merrikh na Sudan yaƙi ne ya kore su har suka shiga lig ɗin Muritaniya. Abin da muke sha bisa dole, shi Tebas yake so ya yi wa mutanen Vila-real da gangan, ya kuma ce su gode.

Kada 'yan Madrid su yi saurin tafa mini. Real Madrid ta yi adawa da wasan Miami, ta kai ƙara, Courtois da Carvajal sun yi magana, kuma a wannan karon gaskiya tana wajensu. Amma shugabanta Florentino Perez ɗin nan shi ne uban Super League, gasar da manyan ƙungiyoyi suka so ware wa kansu a Afrilun 2021, wadda magoya bayan Ingila suka rusa cikin kwana biyu. Ba kishin talakan fili ne ya dame shi ba, rigimarsa da Tebas ce, da kuma ganin Barcelona za ta amfana.

Waɗanda suka burge ni su ne 'yan wasa. A makon tsakiyar Oktoba, da aka busa usur sai suka tsaya cik na daƙiƙa 15 ba su taɓa ƙwallo ba, aka fara daga wasan Oviedo da Espanyol. La Liga ta sa aka kawar da kyamara, aka nuna wa duniya bayan fili. Wanda yake da gaskiya ba ya ɓoye daƙiƙa 15. Frenkie de Jong, ɗan Barcelona, ya fito ya ce bai ga adalci a tsarin ba. Sanarwar sokewar ma ta fito ne ranar 21 ga Oktoba ana tsakiyar wasan Villarreal da Manchester City a Kofin Zakarun Turai, ƙungiyar da ta yarda ta sadaukar da wasan gidanta ba a ko jira ta fito daga fili ba.

Idan da gaske masoya na nesa ake so, hanya tana nan kuma an taɓa binta. Manchester United da Portsmouth ta su Kanu sun buga a Abuja a Yulin 2008. Atletico Madrid ta zo Uyo a Mayun 2018. A kawo irin waɗannan kafin a fara kaka, a sa tikitin da ɗan acaɓa zai iya saya, a rage kuɗin dikoda da masu gidajen kallo suke kuka da shi kowane wata. Wasan da ake ƙirga makinsa kuwa a bar shi a garin masu shi, ko da Barcelona ce za ta je can ta sha kashi.