Kocin da Google bai sani ba

Idan aka kawo maƙalar wani kocin ƙwallon ƙafa domin a goge ta daga Wikipedia, tambayar da ake yi ita ce ko ya shahara. Tambayar ba ta da laifi. Abin da ke ci min rai shi ne yadda wasu ke yanke hukunci ba su wuce shafin farko na Google ba.

A da, a Wikipedia ta Turanci, duk wanda ya horar da ƙungiya a gasar ƙwararru zalla ana ɗauka ya cancanci shafi. A 2022, bayan doguwar muhawara, aka soke wannan ƙa'ida. Yanzu sai an kawo majiyoyi masu zaman kansu da suka yi rubutu mai zurfi a kan mutum. Sunansa a jerin sakamakon wasanni bai isa ba. Ina goyon bayan wannan gyara. Kocin riƙon ƙwarya da ya zauna a benci wasa biyu kafin a naɗa wani, me za a rubuta a kansa ban da ranar haihuwa da sunan kulob? Tsohuwar ƙa'idar ma ta zalunci masu horar da ƙungiyoyin mata, tunda yawancin gasanninsu ba a lissafa su cikin na ƙwararru ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Charles Gyamfi ya ci wa Ghana kofin nahiyar Afirka a 1963 da 1965 da 1982. Hassan Shehata ya ci wa Masar uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Waɗannan babu mai taɓa shafinsu. To ina takwarorin Gyamfi da suka riƙe manyan kulob-kulob a zamaninsa, suka ci gasar ƙasa, suka raini 'yan wasan da ya ɗauka? An yi rubutu a kansu, sosai ma. Rubutun yana cikin tsofaffin jaridu da aka ɗaure da igiya a ɗakunan adana tarihi, takardar ta yi ja, ba wanda ya ɗauke ta a hoto. Sauran labarin a rediyo aka faɗe shi, ba a ajiye kaset ba. Shi kuwa kocin ƙaramin rukuni a Ingila, jaridar garinsu tana intanet, kowace hira tasa ana samunta cikin daƙiƙa. A ƙarshe wanda jaridarsa ta hau intanet shi ke tsira, ko da bai kai wancan aiki ba.

Ƙa'idar Wikipedia ba ta ce dole majiya ta kasance a intanet ba. Sunan jarida da kwanan wata da lambar shafi sun wadatar. Don haka mai neman a goge maƙalar kocin shekarun 1970 ya fara tambayar ko akwai wanda ya duba jaridun ƙasar na lokacin. Mu kuma masu kare irin waɗannan maƙaloli, mu daina tsayawa a kan "ai kowa ya san shi". Mu je ɗakin karatu mu nemo shafin, mu rubuta lambarsa a ƙasan maƙalar tun kafin a kawo ta gaban masu gogewa.