Yafiya daban, amana daban

'Yan'uwa, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda muke yi in aboki ya ci amanarmu. Wasunmu sai su ruga addu'ar dare suna kiran wuta a kan mutum wai ya faɗi ya mutu, gari na wayewa kuma status ya cika da habaici an liƙa ayar Zabura a ƙasa don a ce na ruhaniya ne. Wasu kuma, musamman a zumuntar mata, sai a zaunar da wadda ƙawarta ta cinye mata kuɗin adashi ko ta tona asirin aurenta a ce "ke Kirista ce, ki manta kawai ku koma kamar da", ita kuwa mai laifin ko uffan ba a ce mata ba. Ni dai duka biyun ban gansu a Littafi Mai Tsarki ba.

Zafin abin kam gaskiya ne, kada wani ya ce maka rashin bangaskiya ne ya sa kake kuka. Dauda a Zabura 55 cewa ya yi da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke zuwa ɗakin Allah tare. Da ɗan gari akan ci gari ai. Amma ramuwa fa an rufe mana ƙofarta. Yesu ya san almajirinsa Yahuza Iskariyoti na satar kuɗin jaka, ya san azurfa talatin ɗin da ya karɓa don ya bashe shi, duk da haka a Getsamani "aboki" ya kira shi, da Bitrus ya zaro takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, cewa aka yi ya mayar kube. To ina muka samo izinin yi wa mutum addu'ar mutuwa? Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, ba ta ce ka zaɓa masa irin hukuncin ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne labarin Yusufu, don muna karanta shi da gaggawa, mu tsallake daga rijiya zuwa rungumar juna. 'Yan'uwansa sun sayar da shi azurfa 20, da yunwa ta kawo su Masar ya gane su tun ganin farko amma bai bayyana kansa ba. Hatsi ya ba su, har kuɗinsu ya sa aka mayar musu cikin buhu, ka ga ba ya neman cutar da su kenan, amma ya tsare ɗayansu, Saminu, ya ce sai sun kawo ƙanensa Biliyaminu, ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun yaron don ya ga ko za su yar da shi yadda suka yar da shi kansa. Sai da Yahuza (yayansa fa, ba Iskariyoti ba), wanda shi ne ma ya kawo shawarar sayar da shi tun farko, ya ce a riƙe shi bawa a saki yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka ya ce ni ne Yusufu. Zuciyarsa ta daɗe da yafewa, amanar ce ya jira ya ga canji tukuna.

Bulus ma haka, a 2 Timoti 4 ya bar Iskandari maƙerin tagulla, wanda ya yi masa mugunta ƙwarai, a hannun Ubangiji, amma ya ce wa Timoti ka yi hankali da shi.

Don haka ka yafe, ko bai roƙa ba, ka je ka same shi ku biyu kamar yadda Matiyu 18:15 ta ce kafin Facebook ya ji, in yana cikin yunwa ka ba shi abinci. Amma ba dole ka sake damƙa masa sirrinka ko jarin shagonka ba. Ku kuma dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta, don Allah in za ku yi sulhu ku riƙa karanta wa mai laifin Luka 19 shi ma, Zakka mai karɓar haraji da ya tuba ninki huɗu ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta, mu ko uwar kuɗin adashin ma ba kwa tambaya.