Tsohon da ya biya aka zana shi kusa da Maryamu

Tun jiya nake kallon wani zane a waya, ina buɗa shi da yatsu har idona ya fara ruwa. Na tura wa wani abokina, amsarsa kalma ɗaya ce: "Riya." Na yi dariya, amma maganar ta ƙi barina in yi barci.

Zanen na Jan van Eyck ne, ya gama shi a 1436 a birnin Bruges da ke Beljiyam ta yau. Maryamu na zaune a karaga da jariri Yesu a cinyarta, waliyyai biyu na tsaye hagu da dama. A gefe ga wani tsoho durƙushe cikin farar riga. Sunansa Joris van der Paele, babban ma'aikacin coci ne da ya yi shekaru yana aikin rubutu a fadar Paparoma, ya dawo gida da dukiya. Shi ya biya kuɗin aikin, shi ya sa aka saka shi a ciki.

Ban ga laifin abokina ba. Bruges ta wancan zamani kasuwar duniya ce, ulun Ingila na sauka, 'yan bankin Italiya na da ofisoshi, kuma kuɗin nan ya bi ta kan katakon masu zane. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake niƙa shi wanda ake haƙowa a Afganistan. Dardumar da ke ƙarƙashin ƙafar Maryamu ma saƙar gabas ce. Irin waɗannan darduma sun yawaita a zanen mutanen yankin, har yau akwai wata saƙar Turkiyya da masana ke kira da sunan mai zane Hans Memling. Ga kuma Nicolas Rolin, wazirin sarkin Burgundi mai mulkin Bruges a lokacin, wanda Van Eyck ya zana gaba da gaba da Maryamu, girmansu ɗaya, babu ko waliyyin da zai yi masa iso. Da aka haska wannan zane da na'ura, sai aka ga ashe da farko an zana masa ƙatuwar jakar kuɗi a ƙugu, daga baya aka shafe ta. Wannan kam ko ni sai da na ce, kai Rolin!

Amma ku koma kan fuskar tsohon nan Joris. Mai riya so yake a gyara shi. Wa zai biya maƙudan kuɗi a zana masa kumatu sun zubo, fatar wuya ta ninku, jijiyoyi sun kumbura a gefen goshi, kai ya yi sanƙo? A hannunsa ga littafin addu'a da tabarau, ya cire tabaran kamar wanda karatu ya gajiyar, idonsa ba ya kan Maryamu ma, yana kallon wani wuri can. Waliyyi George da ke gabatar da shi har ya taka masa gefen riga. Wannan fuskar mutumin da jiki ya fara gaya wa gaskiya ce.

Abin da nake gani shi ne roƙo. Kiristocin Katolika na wancan lokaci sun yi imani addu'ar masu rai tana rage wa mamaci wahala. Joris ya ware dukiya don a riƙa yin ibada a cocin Waliyyi Donatian da ke Bruges, an kuma rubuta hakan a jikin katakon da ya zagaye zanen. Aikin zanen shi ne duk wanda ya shigo ya gan shi, ya gane shi, ya ce Allah ya jiƙansa. Idan aka mayar da shi saurayi kyakkyawa, wa za a yi wa addu'ar? Dole fuskar ta zama tasa, da duk tsufanta. Shin babu son a sani a ciki? Akwai mana. Zuciyar ɗan Adam ba ta cika zuwa da niyya ɗaya tak ba. Shi kansa Rolin mai jakar kuɗi shi ya gina asibitin talakawa a garin Beaune da ke Faransa ta yau a 1443, ginin yana nan har yau.

Dabarar fentin ma ta taimaka. Da ƙwaiduwar ƙwai aka fi kwaɓa launi a da, tana bushewa nan da nan. Su Van Eyck suka ƙware a fentin mai, ba su suka ƙirƙiro shi ba kamar yadda ake yawan faɗa, amma su suka kai shi inda ya kai. Shafi kan shafi, siriri siriri, har haske ya riƙa ratsawa ya dawo. Da haka Rogier van der Weyden ya zana hawaye a fuskokin masu sauko da Yesu daga gicciye, zanen da ke Madrid yanzu, kana kallo kamar ɗigon zai faɗo. Manufarsu mai kallo ya ji abin a jikinsa ya yi kuka tare da su.

Kuma abokina ba shi ne na farko da abin ya dama ba. A 1566 Kiristoci ne da kansu, 'yan Furotesta, suka bi coci coci a ƙasar suna farfasa gumaka da zane, suna cewa bautar gumaka ce. Babban zanen da ke kan bagaden cocin Ghent, wani birni kusa da Bruges, wanda Jan da ɗan'uwansa Hubert suka yi aka kammala a 1432, sai da aka kwance shi aka ɓoye a hasumiyar coci kafin ya tsira.

Joris ya rasu a 1443, shekara bakwai bayan gama zanen. Cocin da ya zuba wa dukiya an rushe ta a ƙarshen ƙarni na 18, zamanin mamayar Faransawa. Zanen yana gidan tarihi na Groeninge a Bruges. 'Yan yawon buɗe ido na tsayawa gabansa, su matso, su ɗauki hoton tabaran nan, su wuce ɗaki na gaba. Shi kuwa yana nan durƙushe, littafinsa a buɗe.