Samarin Kebbi masu bin golf a waya: ku koyi karanta kati kafin gardama

Ƙannena, tun da golf ya shigo wayoyinmu, majalisu a Birnin Kebbi da Argungu da Jega sun samu sabon abin musu. Wannan ya ce Tiger Woods ba shi da na biyu, wancan ya ce zamanin Scottie Scheffler ne, na uku ya rantse da Rory McIlroy. Son wasa ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne, mafi yawan masu ɗaga murya ba su taɓa bin gasa ɗaya daga Alhamis zuwa Lahadi ba. Abin da suka gani guntun bidiyo ne na daƙiƙa talatin a TikTok, inda ƙwallo ta taso daga nesa ta faɗa rami, jama'a suka yi ihu. Bugu ɗaya ke nan cikin kusan 280 da ɗan wasa ke yi a gasa guda. Manomin shinkafa a fadama ba a auna shi da zangarniya ɗaya, sai an sheƙe an ƙirga buhu.

Ga yadda lissafin kati yake, wato takardar da ake rubuta bugun ɗan wasa rami bayan rami. Fili yana da ramuka 18, ana zagaya shi sau ɗaya kowace rana har kwana huɗu, ramuka 72 ke nan. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wato yawan bugun da ake sa ran gwani ya yi kafin ƙwallo ta shiga: uku a gajeren rami, huɗu a matsakaici, biyar a dogo. Idan aka haɗa, ƙa'idar fili takan kama 70 zuwa 72. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Saboda haka in ka ga -11 a gaban sunan mutum, ba bashi ake binsa ba, ya yi ƙasa da ƙa'ida da bugu 11 ne, kuma shi ke gaba da mai -9. Bayan kwana biyu ana tankaɗe: a Masters hamsin na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da su ne ke wucewa, a gasar US Open sittin, a The Open da PGA saba'in. Sauran su haɗa kaya su tafi gida ranar Juma'a da yamma.

Waɗannan huɗun su ne manyan gasa, kuma da su ake auna mutum. Masters a Augusta ta jihar Jojiya cikin Afrilu, PGA a Mayu, US Open a Yuni, sai The Open a Birtaniya cikin Yuli, wadda aka fara tun 1860 a Sikotilan. Jack Nicklaus yana da 18, na ƙarshe a 1986 yana ɗan shekara 46, kuma ya zo na biyu sau 19. Tiger yana da 15. Duk wanda zai yi musun wa ya fi, daga nan zai fara. A ganina babu wanda ya taɓa buga golf kamar yadda Tiger ya buga tsakanin 1999 da 2002, amma Nicklaus ya fi shi daɗewa a sama da lafiyayyen jiki. Hujjata kan Tiger ba cin Masters na 1997 da ratar bugu 12 ba ce, ba kuma US Open na 2000 da ratar 15 ba, duk da ko wanne abin mamaki ne. Hujjata ita ce gasa 142 a jere, daga 1998 zuwa 2005, ba a tankaɗe shi ba ko sau ɗaya. Wannan ba ya shiga bidiyon daƙiƙa talatin. Ma'anarsa ko a makon da hannunsa bai zauna ba, ya san yadda zai hana rami ɗaya ya rusa masa kati.

Nan ne zuciyar wasan, kuma nan nake so ku tsaya. Ku dubi abin da ya sami Jean van de Velde, Bafaranshe, a The Open ta 1999 a filin Carnoustie. Ya iso rami na ƙarshe yana gaba da bugu uku. Ƙa'idar ramin huɗu ce, ko shida ya yi kofi nasa ne. Da ya ɗauki gajerun sanduna ya bi a hankali, bugu uku zuwa dandamali, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin yake, biyu ko uku na tura ƙwallo a ƙasa, an gama. Sai ya zaro direba, sandar bugu mafi nisa, ƙwallo ta kauce dama, ya yi sa'a ta sauka wuri mai kyau. Maimakon ya gode wa Allah ya ajiye ta gaban rafi, sai ya sake neman dandamali da doguwar sanda. Ƙwallo ta daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ta dawo baya cikin doguwar ciyawa. Na uku ya faɗa rafi. Mutumin ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando ya shiga ruwa yana kallon ƙwallonsa, sannan ya haƙura ya karɓi tarar bugu ɗaya. Na biyar ya faɗa kwarin yashi, na shida ya fito, na bakwai ya shiga. Aka tafi raba gardama su uku, Paul Lawrie, wanda ya wayi gari ranar yana baya da bugu goma, ya ɗauke kofin. Ba ƙarfi ne ya gaza wa Van de Velde ba, zaɓin sanda ne.

McIlroy ma ya ɗanɗana. A Masters ta 2011 ya shiga ranar Lahadi yana gaba da huɗu, ya buga 80. Bayan wata biyu ya ci US Open da ratar takwas, ya ƙara uku zuwa 2014, daga nan ya yi shekara goma ba babban kofi. A US Open ta 2024 ya ɓarar da gajerun turi biyu a ramuka na 16 da 18, dukansu ba su fi taku ɗaya da rabi ba, Bryson DeChambeau ya wuce shi. Da ya ci Masters a 2025 ma ba da sauƙi ba ne: ya zubar da bugu biyu a ramin farko, ya jefa ƙwallo a rafi a na 13 daga kusa, sai da aka je raba gardama da Justin Rose. Da wannan ya zama na shida da ya haɗa manyan kofuna huɗun, bayan Sarazen da Hogan da Gary Player na Afirka ta Kudu da Nicklaus da Tiger. Masu zaginsa a 2024 su ne masu yi masa kirari a 2025. Kada ku zama cikinsu.

Scheffler kuwa, yawancinku ba ku son kallonsa, wai ba shi da armashi. Gaskiya ne, ba ya ihu, ƙafafunsa ma zamewa suke in ya yi bugu. Amma ku lura da inda ƙwallonsa ke sauka: ba ya neman tuta in tana bakin ruwa, yakan nufi tsakiyar dandamali, in ya kuskure ya kuskure ta gefen da za a iya gyarawa. Haka ya ci Masters a 2022 da 2024, zinaren Olamfik a Faris a 2024, PGA da The Open a 2025. Sai dai masu gaggawar ɗora shi kan Tiger su dakata, huɗu da goma sha biyar akwai tafiya.

Sai maganar caca, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali. Hukuncinta a addini kun san shi, ba sai na maimaita abin da malamai ke faɗa kullum ba. Bari in ba ku lissafin kawai. A ƙwallon ƙafa sakamako uku ne: ci, rashi, canjaras. A US Open mutum 156 ke shiga, ɗaya ke ci. Tiger da kansa, mai kofi 82 a gasannin PGA Tour, babban jerin gasannin ƙwararru na Amurka, in ka haɗa duk wasanninsa bai ci ɗaya cikin huɗu ba. Ƙwararrun nan da kuke gani, turi daga nisan ƙafa takwas rabi suke jefawa rabi su ɓarar. Iska ta juya da rana, waɗanda suka fita da safe sun tsira, na yamma sun sha wuya. To a kan wannan ne za ka ɗora kuɗin da ka yini kana kabu-kabu ka tara, ko kuɗin taki?

Kuɗin da kuke gani ana rabawa ma ku fahimce shi. McIlroy ya karɓi dala miliyan 4.2 a Masters ta 2025, shi ke yawo a waya. Abin da ba ya yawo shi ne, a yawancin gasannin mako-mako wanda aka tankaɗe ba ya samun ladan gasa, alhali ya biya jirgi da masauki da albashin mai ɗaukar masa jaka. Shi mai jakar, bisa al'ada, yana da kashi goma cikin ɗari in an ci kofi, bakwai in an shiga goman farko, biyar in an tsallake tankaɗe. Ga haraji, ga koci. Kuma tun da LIV, sabon jerin gasa mai hamayya da PGA Tour, ta ɓullo a 2022 da kuɗin asusun zuba jari na Saudiyya, wanda shi ne ya sayi Newcastle, ta janye su Phil Mickelson da Dustin Johnson da Brooks Koepka, daga baya Jon Rahm, sai na ji wasunku sun mayar da abin kamar jihadi, wai dole Musulmi ya goyi bayan LIV. Kasuwanci ne, 'yan uwa. A Yunin 2023 shugabannin ɓangarorin biyu suka fito suka ce sun zauna sun fara sasantawa, 'yan wasan da suka yi ta kare PGA Tour da bakinsu ba su ma sani ba sai a labarai. Ku kuma kuna nan kun ɓata da abokin da kuka tashi tare.

In akwai abin da ya cancanci ku ɗauka daga wasan nan, to amanar kati ce. Ba alƙalin wasa da ke bin kowa da usur. Abokin zagayenka ke rubuta bugunka, kai ka duba ka sa hannu. A Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina ya yi uku a rami na 17, abokin zagayensa ya rubuta huɗu, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce in ka sa hannu kan adadin da ya fi na gaskiya, shi zai zauna. In ya gaza na gaskiya, an kore ka. Bugu ɗayan nan ya hana shi zuwa raba gardama, Bob Goalby ya ci, ranar kuma De Vicenzo ke cika shekara 45. A 2001 Ian Woosnam yana cikin na gaba a ranar ƙarshe ta The Open, mai jakarsa ya gano sanduna 15 ne a jaka maimakon 14 da doka ta yarda. Suka faɗa da bakinsu, aka ci shi tarar bugu biyu. Tiger kuma, da duk baiwarsa, abin da ya bankaɗo a gidansa a 2009 ya raba shi da matarsa da kamfanoni da dama. Ku yaba bugunsa da dawowar da ya yi ya ci Masters a 2019 bayan tiyatar baya, amma ba kowane abu na gwani ake kwaikwayo ba.

Ku tsara kallonku. Tsakaninmu da Augusta awa biyar ne a Afrilu, rukunin ƙarshe kan fita wajen bakwai da rabi na dare agogonmu, a gama kusan sha biyu. Ku yi Isha'i tukuna, ba abin da zai wuce ku, wasan yakan yi zafi ne a ramuka tara na ƙarshe. The Open agogonmu ɗaya da su a Yuli, takan ƙare gab da Magariba. US Open in ta faɗa yammacin Amurka sai biyu ko uku na dare; wannan ku bar ta, ku duba kati rami bayan rami da safe, ya fi arhar data, ya kuma fi koyarwa.

Wanda kuma yake son ya riƙa sanda da kansa, kada tsadar kaya ta tsorata shi. Seve Ballesteros na Sifaniya da sanda ɗaya ya koya a yashin bakin teku, yana yaron jaka, ya ci manyan kofuna biyar. Vijay Singh na Fiji ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988, ya zama na ɗaya a duniya a 2004. Sanduna uku na gwanjo sun isa: ƙarfe mai lamba 7, mai kwantaccen baki ta ɗaga ƙwallo, da ta turawa. Faɗin rami santimita 10.8 ne, sai ka binne gwangwani mai wannan faɗin a ƙasa mai laushi, ka share ta ka daddaɓe; filayen Arewa da dama da dandamalin yashi aka san su, ba ciyawa ba. Fara da turi daga taku ɗaya, sai ka jefa goma a jere kafin ka ja baya. Sannan gajeren bugu na taku 20 zuwa 30, nauyinka a ƙafar gaba, hannuwa gaban ƙwallo. In kana dukan kan ƙwallo tana birgima, kana miƙewa ne kafin sanda ta iso. In kana haƙar ƙasa kafin ƙwallo, nauyinka ya tsaya a ƙafar baya. Ƙarfe ƙwallo yake fara taɓawa, sannan ƙasa. In tana lanƙwasawa dama, ga mai bugu da dama, bakin sanda a buɗe yake: juya hannun hagu a kan mariƙi har ka ga gaɓoɓi biyu na bayan hannunka. A ƙasa mai tauri shimfiɗa guntun kafet, in ba haka ba wuyan hannu zai faɗa maka. Lamba 7 tana iya kai ƙwallo mita 130 ko fiye, nauyinta kusan giram 46 ne kuma tauri gare ta, tana fasa kai. Kada ka buga inda yara ke wasa ko dabbobi ke kiwo, kuma a zafin Maris da Afrilu ka fita bayan Asuba ka dawo kafin tara. In hannu ya fara zama, kulob irin na Kaduna da Kano da Rayfield a Jos da IBB a Abuja suna da masu ɗaukar jaka, kuma ta wannan ƙofar ƙwararrun Najeriya da dama suka shiga wasan.