Kafin a sayi manhaja, a fara zama da mai sito

A ofisoshin manyan 'yan kasuwar Singa da wasu masana'antun Sharaɗa a Kano, abin da za ka tarar kusan iri ɗaya ne. Manhajar lissafin kuɗi daban, ta kayan sito daban, na'urar POS tana tara nata bayanan, bashin da ake bin kwastomomi kuwa yana cikin littafin da ke durowar akawu. An kashe kuɗi ba kaɗan ba, amma in Alhaji ya tambayi buhun sukari nawa ya rage, sai an buga waya.

Mun saba ɗora gini kafin a zana shi. Sai an gama sayen kwamfutoci da manhaja ake tambayar aikin da za su yi.

Akwai tsare-tsaren da aka ƙirƙira don magance wannan. A 1987 John Zachman, yana aiki da kamfanin kwamfuta na IBM, ya fitar da nasa tsarin, wanda daga baya ya cika tambayoyi shida: me, yaya, ina, wa, yaushe, don me. Wani tsarin mai suna TOGAF, da ƙungiyar The Open Group ke kula da shi, ya fito a 1995, kuma jerinsa ne ya fi burge ni. Ka fara fayyace abin da kasuwancin ke son cim ma da yadda aiki ke gudana, sai bayanai da manhajojin da za su riƙe su, na'urori su zo a ƙarshe. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, ita ma ta fitar da irinsa don ma'aikatun gwamnati a 2019. Wanda ya dangwala yatsa don BVN, ya sake don NIN, ya sake don katin zaɓe, ya san dalili: kowace hukuma na tara nata bayanan daban.

Ban ce ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rungumi TOGAF dungurungum ba. Kundi ne mai kauri da ya fi dacewa da bankuna da manyan ma'aikatu, kuma wasu masu ba da shawara sun iya mai da shi tarin takardu da ba mai buɗewa. Shafi biyu sun wadatar, in an rubuta gaskiya.

Gaskiyar kuwa ita ce cinikin Kano na tafiya ne kan amana. Ana ɗora kaya zuwa Maraɗi a biya bayan an sayar, dillali na da la'adarsa, farashi na sauyawa gwargwadon wanda ke tsaye a gabanka. Manhajar da ba ta san waɗannan ba, yaran shago za su zagaye ta cikin mako guda, kuma ba zan ga laifinsu ba. Haka batun wuta da intanet: in sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya, tun farko ba a yi tsarin don nan ba.

Don haka zaman farko na mai dukiya ne da mai sito, da akawu, da direban da ke kai kaya. A yanke wa ke da ikon sauya farashi, wa ke rubuta bashi, kuma wane lissafi za a yarda da shi ranar da biyu suka saɓa. Mai sayar da manhaja ya jira a kira shi bayan nan.