Kafin Ka Zaɓi Ƙasa, Zaɓi Fanni: Nasiha ga Ƙannena Masu Niyyar Karatu a Waje

Assalamu alaikum ƙannena matasan Sakkwato, maza da mata.

Akwai wata magana da na daɗe ina jin ta a majalisun unguwa, daga Mabera har Runjin Sambo, kuma duk lokacin da na ji ta sai gabana ya faɗi. Yaro zai ce da kai, "Yaya, ni dai waje nake son fita karatu." Idan ka tambaye shi fannin da zai karanta, sai ya ce, "Duk wanda aka ba ni." Ya riga ya zaɓi ƙasa, ya zaɓi birni, har ya zaɓi rigar sanyin da zai ɗauki hoto da ita ya ɗora a Facebook, amma abin da zai shafe shekara huɗu ko shida yana karantawa, wanda da shi zai ciyar da iyalinsa nan gaba, ya bar wa dillali ya zaɓa masa. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, makarantar da ta fi ba shi kaso ita zai yaba maka, ko da kwas ɗin da take koyarwa ba shi da mazauni a ƙasar nan. Takardar da za ka karanto tare da kai za ta dawo gida, a nan za a auna ta, saboda haka tun kafin a sayar da gona ko a kai shanu kara ya kamata ka san ƙofar da za ta buɗe maka.

Bari in fara da likitanci, tunda shi ne burin kusan kowane gida. A Amurka ba a shiga karatun likita kai tsaye daga sakandare, sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu sannan ya nemi gurbi, a Ingila kuma ana shiga, amma kuɗin da ake karɓa daga baƙon ɗalibi ya fi ƙarfin mafi yawan gidajenmu. Wannan ne ya sa a shekarun baya yaranmu suka fi nufar Masar da Sudan da Rasha da Yukiren da Sin, inda kuɗin ya fi sauƙi. Abin da ba a cika gaya wa iyaye ba shi ne, duk wanda ya karanto likitanci a waje ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa take shirya wa irinsu, sannan ya yi shekarar horo a asibiti. Jarrabawar ba ta wasa ba ce, kuma inda ta fi kayar da mutane shi ne gefen gadon majinyaci. Dalilin a fili yake. Ana iya koya maka darasi da Turanci a cikin aji, amma tsohuwar da ke kwance a asibitin koyarwa da Rashanci ko Sinanci za ta gaya maka inda ke mata ciwo, idan ba ka jin harshenta kuwa, sai ka gama shekara shida kana kallon marasa lafiya daga nesa. Sannan cututtukan da za su tarye ka a asibitin Gwadabawa ko na Tambuwal, wato zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da tamowa da amosanin jini, ba su ne suka cika asibitocin ƙasashen sanyi ba. A nan Sakkwato muke da asibitin yara masu ciwon noma, cutar da ke cin fuska, wadda sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Likitan da ya karanto a Turai yana iya kammalawa bai taɓa ganin ta da idonsa ba.

Ku kuma tuna da abin da ya faru a 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukiren, makarantu suka koma koyarwa ta intanet, majalisar likitocinmu ta ce ba za ta amince da likitancin da aka koya ta wannan hanya ba. A Afrilun 2023 kuma yaƙin Sudan ya tarwatsa ɗalibanmu da ke Khartum, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, wasunsu saura kaɗan su kammala. Babu wanda ya isa ya hana ƙaddara, amma karatun shekara shida a ƙasar da ba ta da kwanciyar hankali caca ce mai tsawo.

Kuma kiwon lafiya bai tsaya ga likita ba. Akwai harhaɗa magunguna, da jinya, da ungozoma, da gwajin jini, da ɗaukar hoton ƙashi, da gashin ƙashi, da lafiyar al'umma, kowanne kuma yana da majalisar da ke ba da lasisinsa a Najeriya, wadda ya kamata a tuntuɓa tun kafin tafiya. Ƙannena mata, ku kuka fi kowa sanin yadda uwayenmu suke jin nauyin kwanciya gaban namiji a ɗakin haihuwa. Wadda ta ƙware a ungozoma ko gwajin jini ba za ta rasa mai neman ta ba a jihar nan.

Wanda ke sha'awar aikin lauya shi ma ya buɗe ido. Tsarin dokokin Najeriya daga na Ingila ya samo asali, alhali Faransa da Masar da Turkiyya da Rasha wani tsari daban suke bi. Ko wanda ya karanto a Ingilar sai ya yi zango na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi da ke Bwari kafin ya shiga zangon da sauran ɗalibai ke yi. Don haka idan aka ba ka gurbin karatun doka a ƙasar da tsarinta ya bambanta da namu, ka fara tambayar ita wannan makaranta ko za ta karɓe ka, tun ba ka wayi gari da digirin da ba zai kai ka gaban alƙali ba.

Game da ilimin addini da Larabci, a garin Shehu babu mai buƙatar in gaya masa darajarsa. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana da tsangayoyin Shari'a da Alƙur'ani da Hadisi da Larabci, kuma ta yaye malamai da yawa daga cikinmu. Ga Azhar a Alƙahira, ga kuma Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar nan kusa da mu, inda mutum zai haɗa Larabci da Faransanci. Amma mutane kaɗan ne suka san cewa tun gyaran da aka yi wa Azhar a 1961 take koyar da likitanci da injiniyanci da aikin gona. Ba sabon abu ba ne a wurinmu malami ya haɗa ilimi biyu, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da fatawa, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna da warkar da cututtuka. Abin da ke damuna shi ne ganin matashi ya dawo da Larabci kamar ruwa, amma babu abin da ke jiransa sai ajin Islamiyya da albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Koyarwa aiki ne mai albarka, ban raina ta ba. Sai dai da ya ƙara da shaidar koyarwa, ko ƙwarewar fassara, ko harkar kuɗi ta Musulunci da Maleshiya ta yi fice a kanta, da hannunsa ya fi ƙarfi, musamman tunda bankin da ba ya hulɗa da kuɗin ruwa ya fara aiki a ƙasar nan a 2012, wasu kuma suka biyo baya.

Yanzu ga fannonin da matasanmu ke yatsina fuska idan an ambace su, alhali a ganina su ne suka fi dacewa da ƙasarmu. Ka ce wa yaro ya je ya karanto aikin gona, sai ya ce ai daga gona ya fito. To, ƙasar Holan ba ta kai girman wasu jihohin Arewa ba, amma tana cikin manyan masu sayar wa duniya kayan gona, kuma jami'arta ta Wageningen ta yi suna a duniya a wannan fanni, kamar yadda birnin Delft ya yi suna a ilimin ruwa. Mu kuwa ga madatsar Goronyo, ga fadamar Rima, ga albasar da manomanmu ke nomawa da gumi, wadda kaso mai yawa nata ke ruɓewa a rumbu kafin farashi ya tashi, saboda rashin ingantacciyar hanyar ajiya. Wanda ya karanto ilimin adana amfanin gona ko ban ruwa ko sarrafa abinci, matsalar da zai magance tana nan a ƙofar gidansu. Jar akuyar Sakkwato fatarta ce ta riƙa tsallaka hamada har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, amma har gobe yawancin fatun ɗanye suke barin jihar, wasu can su jeme su ci ribar. Ga shanun gudale, ga dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, ga ranar da ke dukanmu a watan Afrilu har ma'aunin zafi ya haura 40, wadda wasu ƙasashe suka mayar da irinta wutar lantarki. Likitancin dabbobi, da fasahar jima, da ilimin duwatsu da ma'adinai, da injiniyancin hasken rana, duk suna cikin jerin kwasa-kwasan jami'o'in waje, sai dai dillali ba zai nuna maka su ba saboda ba su ne ake rububi ba.

Kwamfuta kuwa ba zan tsaya a kanta ba, domin mafi yawan abin da mafari ke buƙata yana iya koyonsa daga ɗakinsa, sai ya yi nisa ne fita za ta ƙara masa wani abu.

Ra'ayina, wanda na san ba kowa zai so shi ba, shi ne mafi yawanmu gara su yi digirin farko a gida. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975 take nan, tana koyar da likitanci da harhaɗa magunguna da likitancin dabbobi da aikin gona da doka, tana kuma da cibiyar binciken makamashi. Na san ana fama da yajin aiki da cunkoso, ban manta ba. Amma manyan tallafin karatu na waje galibinsu na digiri na biyu ne da na uku. Tallafin Chevening na Birtaniya na digiri na biyu ne na shekara guda, yana neman wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, kuma sharaɗinsa ne mutum ya koma ƙasarsa bayan ya gama. Asusun PTDF, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, yana ɗaukar nauyin masu zurfafa karatu a fannonin da suka shafi mai da makamashi. Wanda ya fita a wannan mataki ya riga ya san abin da ya je nema, ya mallaki hankalinsa da addininsa, kuma shekara ɗaya ko biyu ce ba shida ba.

Tsawon kwas ɗin ma lissafi ne na kuɗi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura naira 1,500. Uban da ya yi lissafin kuɗin makarantar ɗansa da tsohon farashi sai ya ga nauyin ya ninka uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba. Haka nan idan an ce maka karatu kyauta ne a Jamus, gaskiya ne yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda, sama da yuro 11,000, kuma mafi yawan digirin farko da Jamusanci ake yin sa. Tallafin gwamnatin Turkiyya yana haɗe da shekarar koyon Turkanci, a Rasha ma akwai shekarar share fage. Wannan shekara ba asara ba ce ga mai himma, amma a sa ta cikin lissafi.

Sai kuma masifar digirin gaggawa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka zauna suka yi karatun gaskiya. Duk wanda ya ce zai ba ka digirin shekara huɗu cikin shekara ɗaya da rabi, kwaɗayi yake son buɗe maka ƙofarsa, kuma kun san abin da Hausawa suka ce kwaɗayi ke buɗewa.

Idan duk da haka Allah ya nufe ka da tafiya, ka nemi ainihin sunan kwas ɗin kamar yadda za a rubuta shi a takardar kammalawa, ka karanta jerin darussansa a shafin jami'ar da kanka, domin sau da yawa suna biyu kan yi kama alhali ɗaya yana kai mutum ga lasisi ɗayan ba ya kaiwa, kamar yadda kimiyyar sassan jikin mutum ba ita ce likitanci ba. Ka tabbatar cewa hukumar ilimi ta ƙasar da kanta ta amince da makarantar, ka kuma ji ta bakin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tunda ita za ta tantance takardarka idan ka dawo. Ka nemi wanda ya gama wannan kwas ɗin ya dawo gida, ba wanda yake can yana aji ɗaya ba, ka tambaye shi abin da yake yi yanzu. Sannan ka adana takardar gurbinka da sakamakon kowane zango, kada kuma ka yar da tsohon fasfo idan ya ƙare, domin ranar rajistar bautar ƙasa za a nemi ganin bizar da hatimin ranar da ka fita da ranar da ka dawo.